Sistar Da Ta Raba Mama Da Farar Ƙwaya

Kafin masu goge-goge su gama da barandar sashen masu ciwon daji, ita ta riga ta iso. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta sauya takalmi zuwa wani fari na roba da ya ga duniya, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta jona butar lantarki. Ruwan zafin ba na shayi ba ne. A robobi take ɗura shi, ta naɗe kowacce da tawul, ta jera a kan kujerun da ake zaunar da marasa lafiya a sa musu magani ta jijiya. Duk wanda ya zo sai ya fara rungume roba mai ɗumi, jijiyarsa ta taso, kafin allura ta taɓa shi. Cewa take yi jijiya baƙuwa ce mai kunya, in ka yi mata tsawa sai ta shige ɗaki.

Sista muke ce mata, yaro da babba. Nas-nas suna da yawa a asibitin, amma in aka ce Sista a sashenmu, kowa ya san wadda ake nufi. Makon jiya ta ajiye aiki, bayan ta tsufa a cikinsa. Ba wanda zai sa ta a rediyo, ba wanda zai liƙa hotonta a bango. Shi ya sa na ce bari in faɗa wa mutane ko wace ce ita. Sai dai ku sani tun daga nan, kishinta nake yi. Da kishin na san ta, da shi kuma nake rubuta wannan. Ni a ganina, wanda ya fi ka nesa ba kusa ba, in ba ka ji kishinsa ba, to ba ka kalle shi da kyau ba.

Sista ba ta tsayawa a kan mara lafiya. Tana da wata 'yar kujera gajera, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da filasta, ita take ja daga wannan zuwa wancan. In ta zauna, sai ya zama mara lafiya ne ke kallonta daga sama. Kuma ba ta cewa yaya jiki, don ta ce ko wanda ke bakin mutuwa "da sauƙi" zai ce. Hannunka take kamawa, ta juya shi, ta ce, "Me hannun nan ya yi a makon nan?" Daga nan sai labari ya ɓalle. Wani ya ce ya ba tsuntsayensa ruwa, wata ta ce ta yi wa jikarta kitso, wani ya yi shiru. Mai shirun shi ta fi daɗewa a gabansa.

Akwai wani tsoho da muke ce wa Baba Mai Rediyo, don ba ya rabuwa da ita ko a kujerar magani. Ƙarin da ke kansa ya sauya masa hali. Matarsa ta rantse mini cewa tun aurensu bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma ga shi yana zagin kowa, har ya taɓa jifan wata ƙaramar nas da kofi. Matar tana kuka tana ba da haƙuri. Sista ta ɗauki kofin ta ɗauraye, ta ce mata, "Daina ba da haƙurin laifin da ba nasa ba. Baƙon da ya sauka a kansa ne ke zagi. Mijinki yana ciki, shi ma kunyar yake ji." Sannan ta ja kujerarta ta zauna gabansa ta ce ƙungiyar ƙwallon da yake so ba ta iya komai ba. Ya manta da kowa ya kama musu da ita. Kafin ya gama kare 'yan wasansa, allura ta shiga.

Wata mai goge-goge kuma ta ba ni labarin wata amarya da aka aske wa rabin kai aka yi mata aiki, ta ƙi yarda mijinta ya shigo ya gan ta. Sista ta cire nata ɗankwalin a ɗakin sauya kaya, ta yi ta gwada ɗauri iri-iri a kanta, har ta samo wanda zai rufe ɗinkin ba tare da ya danne shi ba. Ta koya wa yarinyar. Mai goge-gogen ta ce ranar ta ga furfurar Sista a karon farko.

Wannan duk abin da wasu suka gani ne. Nawa ya fi su zafi, domin a kan mahaifiyata ne.

Mama tela ce. A shagonta na tashi, a gefen kekenta na koyi sana'a. Mace ce mai baki, in tana shago ba a bukatar rediyo. Ciwon ya fara mata da ciwon kai, sai almakashi ya riƙa suɓuce mata daga hannun dama, sai magana ta riƙa maƙale mata a tsakiya. Aka yi hoton kai aka ga ƙari a ƙwaƙwalwa, mai mugun iri. Aka yi aiki, aka yi gashi da na'ura, ta sha magunguna, ya lafa, ya sake dawowa. Nan ne Likita ya ce akwai wani magani da ake sawa ta jijiya, wanda ke tayar da garkuwar jiki ta yi faɗan da kanta. Bai ɓoye mana ba, ya ce a ciwon ƙwaƙwalwa ba kowa yake yi wa aiki ba, amma a gwada. Ya yi bayani daidai gwargwado, sannan ya ce Sista za ta ƙara mana, ta fi shi sanin bakin Mama.

Sista ta ja kujerarta. Ta ce, "Tela, abin nan da ke kanki ba shi kaɗai yake zaune ba. Unguwa ya kafa. Ya ja wa kansa hanyoyin jini, ya kewaye kansa. Jikinki yana da masu gadi, aikinsu su kama duk baƙon da bai dace ba. To shi wayonsa, wasu ya rufe musu ido, wasu ma ya mayar da su yaransa, suna tsare masa ƙofa. Kin san da ɗan gari akan ci gari."

Mama ta ce, "Wato munafukai nake ciyarwa a cikin kaina."

"Ba munafukai ba ne, ruɗa su aka yi. Ga shi ita ƙwaƙwalwa Allah Ya yi mata katanga, ba kowane magani ke tsallakawa ba. Wannan da za mu sa miki ba shi zai kashe ƙarin ba. Masu gadin zai yayyafa wa ruwa a fuska su farka."

"In sun farka ki ce musu ina son ganinsu," in ji Mama. "Akwai magana."

Tun ranar Mama ta zama ta Sista. A gida ba ka jin komai sai "Sista ta ce." Ni ce mai wanka, ni ce mai wanki, ni ce mai riƙe roba in amai ya taso. In na kawo abinci sai ta kau da kai. Amma in Sista ta ce, "Tela, an ce ba kya ci," a gabanta za ta share kwano. Wata rana da safe ta kalle ni tana son ta kira ni, sunana ya ƙi zuwa. Ta yi ta motsa baki, daga ƙarshe ta ce, "Ke, wannan." Na san ciwo ne. A wannan safiyar dai muka shiga sashen, tun daga bakin ƙofa ta ɗaga murya, "Sista!" Ko gargada babu.

Sista, ke ce kika yi mini wannan. Ke ce uwata ta riƙe sunanki ranar da nawa ya faɗi. Na sha zama a bayanku ina kallon yadda take miki dariya, ina lissafin abin da kike da shi da ni ba ni da shi. Ba kyau ba ne, ba ƙarfi ba ne, don ni ke ɗaga ta. Na daɗe ban gano ba.

Akwai wata 'yar farar ƙwaya a cikin magungunan Mama, ta rage kumburin ƙwaƙwalwa. A gidanmu ba maganin da ya kai ta farin jini. In Mama ta sha, hannu ya saki, harshe ya warware, cin abinci ya dawo. Amma da za a fara sabon maganin, Likita ya ce dole a riƙa rage ta sannu a hankali. Sista ta ce ƙwayar tana kwantar da kumburi, gaskiya ne, amma tare da masu gadin take kwantarwa. Ba zai yiwu kana tashin mutum da hannun dama kana lulluɓe shi da na hagu ba.

Aka rage. Hannun Mama ya yi nauyi, magana ta koma ɗaiɗai. Yayana, wanda direba ne kuma shi ke kawo mu asibiti, ransa ya ɓaci. A mota yake cewa, "Ni ban taɓa ganin irin wannan ba. Maganin da ake ganin aikinsa da ido shi ake ragewa, wanda ba a ga komai ba shi ake ƙarawa." Na ce masa ai Sista ta yi bayani. Ya ce, "Ke ma kin shiga ɗariƙar Sistar?" Ni kaina ban san ko ina ciki ba.

Ana haka sai Mama ta miƙe. Kamar an kunna fitila. Ta koma ci kamar mai aikin ƙarfi, fuska ta cika ta yi kumatu, baki ya dawo har da tsokana. Muka ce alhamdulillahi, magani ya karɓe ta. Ta ce mini in koma buɗe shago da safe kada masu kawo ɗinki su watse, ita za ta iya zaman gida. Na ji daɗi, na koma.

Ranar magani ta zo. Sista ta zauna, ta ɗauke robar ɗumi, ta kama hannun Mama ta juya shi. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa kan ɗan yatsa, ta duba ƙarƙashin farce. Sannan ta ɗaga kai ta kalli fuskar. Ba ta yi tambayar da ta saba ba. Ni ta juyo ta kalla, ta miƙo mini robar.

"'Yata, je ki sauya mini ruwan nan, ya huce."

Robar tana ƙona mini hannu. Na gane kora ce. Na fita, amma ƙafata ta ƙi wuce bayan labule.

"Tela," na ji ta ce, "hannun nan ɗinki yake yi."

"Ɗan taɓawa dai."

"Ga sukan allura, ga alli a farce. Hannun da kwanan baya ya kasa riƙe kofi."

"Ikon Allah ne."

"Ikon Allah ne, ba musu. Buɗe baki in gani. Ga fari-fari a harshe, ga kumatu kamar na jariri. Labarin zuciya a tambayi fuska. Guda nawa kike sha?"

Na leƙa ta tsagar labule. Mama ta sa hannu ta kwance wani ƙulli a bakin gyalenta. Ƙwayoyin ne, an naɗe su a ƙyallen atamfa. Gyalen da ni nake wankewa, ni nake gogewa. Ashe kafin ta ba ni take kwancewa, in na kawo ta mayar.

"Yarona ne ya sayo mini a kemis," in ji ta. "Ni na sa shi. Ai Likita ne ya fara rubuta ta, ba haramun ba ce. Don Allah kada ki faɗa masa."

"Zan faɗa masa, kuma a gabanki, ba a bayanki ba. Amma ni ki fara faɗa mini. Me ya yi zafi haka?"

Mama ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin ta sunkuyar wa kowa da kai ba.

"An ce za ki ajiye aiki. Riga nake ɗinka miki. Ina so ki fita da ita ranar. In ba ƙwayar, zare ma ba na iya zurawa."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Tun ranar da ƙafata ta kai kan keke Mama ba ta sake ɗinka mini ko ɗan siket ba. Cewa take yi mai keke ba ta roƙon riga. Ga shi ta kore ni shago, ta kulle ɗaki, tana sayar da lafiyarta ƙwaya-ƙwaya don ta yi wa wata riga. Ruwan robar ya ƙona ni ban ji ba.

Da Sista ta buɗe baki, muryarta ta sauya.

"Wato saboda ni kika ba masu gadinki maganin barci. Tela, in na sa rigar nan, ranki na sa a jikina. Wace irin kwalliya ce wannan?" Sai ta ɗaga murya kaɗan. "Ke kuma fito, tun ɗazu nake ganin ƙafafunki. Labulen bai kai ƙasa ba."

Na fito kamar wadda aka tsamo daga ruwa.

Likita ya zo. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka auna sukarin jininta, aka ga ya hau. Ya ce ƙwayar ba a yanke ta lokaci ɗaya, yin haka haɗari ne, sai dai a sake bin ta a hankali daga inda take. Ya ce mai yiwuwa ta rage wa sabon maganin ƙarfi, ba wanda zai iya cewa ko nawa. Ya kuma ce in kumburi ya kai inda ake tsoro, shi da kansa zai ƙara mata, ba sai an je kemis ba.

Aka kira Yaya daga wurin ajiye motoci. Ya shigo a kumbure, ya ce, "Uwata ce. Na gan ta tana nuna kofin ruwa tana hawaye, ta kasa cewa ruwa. Ku da kuke da hankali ku zauna ku kalla, ni ba zan iya ba."

Sista ta ce, "Ɗana, ba wanda ya ce ba ka sonta. Kai direba ne. In fitila ja ta kama a gaban mota, cire wayarta kake yi don kada ta dame ka?"

Yaya ya sosa ƙeya. "Wani lokacin."

Har Likita sai da ya yi dariya. Amma Mama ba ta yi ba. Ta damƙe ƙyallen a tafin hannunta.

"Ku kuna magana ne da bakinku lafiya lau," in ji ta. "In na bar ta, bakina zai tafi, hannuna zai tafi. Wa zai gama rigar?"

Sista ta nuna ni da haɓa. "Ga tela a tsaye."

"Wannan? Har yau wuyan rigarta karkacewa yake yi."

"To ni mai karkataccen wuya nake so. Ki zauna ki ba da umarni, ita ta taka keke. In ba hannunta ne ya gama ba, wallahi ba zan sa ba, sai dai ki yi labule da ita."

Mama ta kalle ni, ta kalli Yaya, ta kalli ledar maganin da ke rataye tana jira. Sannan ta buɗe hannu. Ta miƙa wa Sista ƙwayoyin, ba ni ba. Ko a wannan ma sai da na ji wani abu ya soke ni.

Makonnin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Kamar yadda Mama ta faɗa, hannu ya tafi, baki ya bi shi. Na ɗauko ƙaramin keke na ajiye a gaban gadonta. Yadin shuɗi ne mai duhu, ta riga ta yanka ta haɗa jiki, saura hannuwa da wuya. Ta riƙe rula da hannun hagu. In na yi daidai ta lumshe ido, in na kauce ta buga rular a katakon gado. Wuyan nan na ɗinka na farke, na ɗinka na farke, har na ji tsoron yadin zai yage. Wata rana na gaji na ce, "Mama, ai Sistar cewa ta yi karkatacce take so." Ta ɗaga rular. Ba gadon ta nufa ba.

Sai aka yi hoton kai. Likita ya juyo mana da allon na'ura, farin wurin ya fi na da girma. Yaya ya miƙe tsaye ya ce, "Kun gani ko? Kun gani?" Likita ya ce abu biyu ne, ko dai ƙarin ne ya ƙaru, ko kuma garkuwar jiki ce ta taru a wurin har ya kumbura. Ya ce a hoto ɗaya ba lallai a bambance ba, sai an jira an sake wani.

Da muka koma kujerar magani Sista ta ce wa Mama, "In faɗa ya kaure a unguwa, mai leƙe daga saman bene taro kawai yake gani. Ba ya gane ɗan gida da ɓarawo. Ban ce miki 'yan gida ne ba, don ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Mama ta miƙa mata hannun hagu, tafin a buɗe. Da ƙyar ta haɗa kalma biyu. "Ba... ni."

Na ga hannun Yaya ya tafi aljihun mukullin mota. Da ta ce je ka, da ya tafi kemis a guje.

Sista ba ta ture hannun ba. Ta sa nata a ciki. Ta ce, "Tela, jikinki ne, ba nawa ba. In kin gaji, ki ce kin gaji. Mu koma wurin Likita tare, a tsayar da wannan, a ba ki ƙwayarki, ki yi hira da 'ya'yanki iya abin da Allah Ya nufa. Ba laifi ba ne, ba wanda zai ce kin gaza. In kuma za ki jira hoto na gaba, ina nan. Abu ɗaya na roƙe ki, ko wanne kika zaɓa, a fili. Kada ki sake ɓoye mana kanki a bakin gyale."

Nan ne na gano abin da ta fi ni da shi. Ni da Yaya, kowa so yake Mama ta yi abin da zai kwantar masa da hankali. Shi yana so ta yi magana, ni ina so ta rayu, kuma duk tsoro ya cika mana fuska. Ita kaɗai ce Mama za ta iya kalla ba ta ga tsoro ba. Wanda ba ya tsoron maganarka shi kake faɗa wa gaskiya. Ganewar ba ta rage mini kishi ba, ƙara shi ta yi.

Mama ta rufe ido. Da ta buɗe, sai ta juya hannun, ta miƙa bayansa inda ake sa allura.

Hoto na gaba ya nuna farin wurin ya ja baya. Likita ya ce kada mu ɗauko ganga, ciwon nan mai taurin kai ne, kuma ba wanda ya san gobe. Amma ya ce yau ranar farin ciki ce, mu yi. Yaya ya fita baranda ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. A hankali hannun Mama ya ɗan dawo da kansa. Ba ya ɗinki, amma yana riƙe kofi. Magana tana zuwa, tana tsayawa a hanya ta huta, sannan ta iso.

Ranar da Sista ta ajiye aiki, ma'aikatan sashen suka haɗa ɗan zama a baranda. Ta fito daga ɗakin sauya kaya cikin shuɗiyar riga. Matar Baba Mai Rediyo ta yi guɗa har aka ce ta tuna asibiti ne. Mama ta sa aka tura kujerarta kusa, ta kama wuyan rigar, ta juya cikinsa, ta bi ɗinkin da yatsa. Ina tsaye ina jira. Sai ta juya ga mutane ta ce, "Jikin... Sista ne... ya gyara rigar."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

Shekaranjiya muka koma magani, karo na farko babu ita. Tun a mota nake zullumi, don na san wadda Mama take yi wa biyayya ta tafi, kemis kuma yana nan a bakin layinmu. Sabuwar nas yarinya ce. Ta tambayi Mama magungunan da take sha. Mama ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Farar ƙwaya... yadda Likita ya rubuta. Ba ƙari." Sannan ta nuna ni. "Tambayi 'yata. A hannunta take." Gaskiya ne. Tun daren da Sista ta tafi Mama ta ɗauko kwalbar ƙwayar daga ƙarƙashin matashi ta ajiye mini a cinya.

Sista, mai sanyin hannu, na gode. Ke ce kika ƙi karɓar kyautar da aka biya da lafiyar mai ita. Ke ce kika ce ban sani ba a wurin da ƙarya ta fi sauƙi. Ban san iya kwanan da Allah Ya rubuta wa Mama ba, amma waɗanda muke ci yanzu da sa hannunki a ciki. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa gwiwoyinki su yafe miki, Ya ba ki mai kula da ke ranar da za ki bukata.

Ku kuma masu jinya irina, in kun ga an rage maganin da kuke ganin yana aiki, ku tambaya har sai kun gane, kada ku bi ta bayan gida. So ba ya hana kuskure. Ku masu farin kaya da kuka rage a sashen nan da sauran wurare, ilimin allura kowa zai koya. Ku zama irin wanda mara lafiya zai kwance wa ƙullinsa.

Ni dai addu'ata ɗaya ce, Sista. Allah Ya sa kafin in mutu in yi wa wani abin da zai sa 'yarsa ta ji kishina kamar yadda nake jin naki.